Inda Hannuna Ya Tsaya

Shekara arba'in da biyu ina yankan cibi a Harbo.
Rabin masu cika sahun Juma'a a garin nan
a tafin hannuna suka yi kukan fari,
har da liman. In ya manta, ni ban manta ba.

Amma a daren Barira hannuna ya tsaya.
Naƙuda tun azahar ɗin jiya,
rubutu ƙwarya biyu ya wuce,
na shafa, na lalubo, na sake lalubowa:
ɗan ya kwanta a gicciye
kamar itacen da aka tokare ƙofa da shi.
Leɓɓanta sun koma launin toka.

Na fito zaure na ce, Ɗahiru, nemo mota.
Ya ce, Inna Tabawa, abin da Allah Ya rubuta...
Na ce, kai ka karanta rubutun?
Nana Maryama ma, da naƙuda ta kai ta gindin dabino,
cewa aka yi ta girgiza.
Wanda Ya ba ta ɗa ba tare da uba ba
ai bai gaza sauko mata da 'ya'yan itace ba.
Girgiza naka. Nemo mota.

Motar ɗaya ce a garin, ta kwasar riɗi,
ta Sale Ɗan'azumi,
wanda shekara uku ba sa gaisawa da Ɗahiru
a kan iyakar gona taku huɗu.
Bai ce komai ba. Ya shimfiɗa buhuna.

A Jahun likitan namiji ne,
yaro, gemunsa bai gama haɗewa ba.
Ya ce sai an yi aiki, ya miƙo takarda.
Ɗahiru ya ɓoye babban yatsansa a aljihu:
ƙato ya buɗe mini iyali?
Na ce, in mata zalla kake so su taɓa ta,
jira zuwa hantsi.
Mu ne masu wankan gawa.

Ya dangwala.

Sai yaron nan ya yi abin da ban taɓa yi ba.
Ya durƙusa daidai kunnenta
ya faɗa mata abin da wuƙa za ta yi,
da abin da ba shi da iko a kai,
ya ce, jikinki ne, amana ce gare ki kafin ni. Kin yarda?
Shekara arba'in da biyu
ina ce wa mata yi nishi, yi shiru, ki daure.
Ban taɓa ce wa ɗaya kin yarda ba.

Suka rufe ta ruf, sai inda larura ta nuna.
Na ji bisimillarsa kafin ƙofa ta rufe.

Aka nemi jini leda biyu.
Na miji bai dace ba, nawa ya tsufa.
Sale ya naɗe hannun riga
yana kallon bango.

Gab da asuba ta fito, mace, ba motsi,
shuɗiya kamar an tsamo ta daga marina.
Na ƙirga numfashina bakwai
kafin ta tsage ɗakin da kuka.
Ɗahiru ya kai baki kunnenta na dama,
kiran sallar ya karye masa sau biyu a maƙogwaro.

Kwana ashirin bayan suna
na ga su biyun a ƙofar dagaci
suna nuna wa juna yatsa a kan taku huɗun nan,
jinin ɗaya yana yawo a jikin matar ɗayan.
Ɗan Adam ke nan: yumɓu da numfashi,
yau wannan ya rinjaya, gobe wancan.

Cibiyar ba ni na yanka ba.
Mabiyiya dai na karɓo a leda,
na wanke, na binne ta bayan ɗakin Barira
inda na binne ta ubanta.
Ƙasar da sauran danshi.