Huhun Shabaro

Shekara tara tana kwance a Kakuri,
jar Shabaro mai silinda takwas
da manajan masaƙa ya bari
ran da aka sa wa ƙofa kwaɗo.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya.

Na gyara komai. Saura huhunta, kafireta.

A Panteka na bi rumfa-rumfa,
baƙin mai har idon sawu.
Wani ya miƙo 'yar Chana, sabuwa fil,
tana ƙyalli kamar haƙorin Makka.
Na ce a kai kasuwa.

Barau ya ja ni bayan shago,
ya kwance tsumma: maƙogwaro huɗu,
tsatsa kaɗan, lamba a gindi.
Na tofa yawu, na goge, na karanta.
Ita ce.

"Dubu ɗari huɗu."
Na yi dariya. Shi bai yi ba.
"Ɗari biyu da hamsin."
"Albarka. Har daga Ikko an bugo waya."
Na san ƙarya ce, ya san na sani,
amma ya ga hannuna na rawa.

Na sayar da babur.

Daren Laraba ta yi tari sau biyu,
sannan ta yi ruri,
karnukan Kakuri duk suka amsa.