Tabarma Biyar a Madunka

Tabarma biyar nika shimfiɗawa da hantsi,
can da, kowace da mai ita.
Yau ɗaya nika warewa,
huɗun na jingine bayan ƙyaure,
gara ta fara gaisawa da su.

Nomau yat tafi Agadas bin zinari,
Ɗanjumma na kabu-kabu Ikko.
Tambari ya aje basilla, ya ɗau 'yar na'ura,
shina bakin Tsohuwar Kasuwa
shina saida wa mutane kuɗinsu.
Na huɗun ban faɗin sunanai,
wayarshi ta bar shiga tun damanar bara.

Sai Ige, autata,
wadda ban taɓa koya wa riƙon wuƙa ba,
ta ɗora jakar jar fata bisa turmi,
ta ce in janye ƙafata, ina ɓata hoto.
Kafin la'asar wata mata a Fatakwal ta biya.
Ba sallama, ba "albarka",
ba ta shinshina bagaruwa ba.
Waya ta yi kukan tsako, ciniki ya faɗa.

Na ce, wace kasuwa ce wagga?
Ta ce, Baba, talatin suke so kafin Sallah.

Talatin!
Na dubi hannuna biyu.
Kasuwa ta biyo mu har gida,
ta iske maɗinka sun fita bidarta.

Cikin dare na ji motsi a zaure.
Ige ce, fitilar waya tsakanin haƙora,
tana soka basilla a karkace.
Ban tanka ba.
Na ware tabarma ta biyu.