Abin da Sikeli Bai Auna Ba

Yaro ya zo Tamaske daga Yamai
da takarda da biro,
ya zauna kan buhuna yana tambaya:
"Baba, da jarin nawa kuka fara?"
Na ce ya ɗaga tukuna, yana danne mini albasa.

Jari?
Shekarar da rijiyar Bizo ta rufta
mu goma sha ɗaya muka shiga da igiya da kwando.
Ba wanda ya rubuta sunan wani.
Da la'asar Tsahara ta dama fura,
ita ce ladan.
Rijiyar nan garka shida take shayarwa yau.

Da Arzika ya yi ci-rani Abijan
ya aiko baki: ku turo, in sayar.
Buhu arba'in suka hau kamyon Kadri,
suka ƙetare iyaka bayan iyaka
bisa kalma ɗaya.
Kuɗin ya dawo ɗinke cikin matashi,
a hannun karen mota
wanda kakarsa kaɗai muka sani.
Ko dala ba ta yi ciwon kai ba.

Injin ban-ruwan da kake jin kukansa,
adashen mata ne,
jaka jaka, kasuwa bayan kasuwa.
Shagunan bakin hanya, mai walda, mai shayi,
duk daga bakin rijiyar nan suka tsiro.

Ba na ce mu waliyyai ba ne.
Mantau ya taɓa cusa ruɓaɓɓiya tsakiyar buhu.
Ba mu kai shi gaban alƙali ba,
gaisuwa kawai muka rage masa,
rani biyu,
har ya zo da ƙafarsa ya zauna ƙasa.

Akwai kuma baƙon da na kasa mantawa.
Albasarsa ta fi tamu ja,
amma ba mai cewa "na san ubansa."
Ta ruɓe a tasha muna kallo.
Wannan ma rubuta, da sunanmu.

Yaron ya juya biro, ya duba layukansa,
ya rasa gidan da zai sa mu.
Na cika masa tiya biyu, na ce ya kai wa innarsa,
ya biya in ya dawo.

Ya ce, "Ai ba ka san ni ba."
Na ce, to,
ga amsar tambayarka nan a hannunka.
Sai ka kula, tana da nauyi.