Farar Ƙasa

Ubana Leland ya kafa ginshiƙin farko
shekarar da masaƙa ta sallami rabin gari.
Katako ne. Gobara ta lashe shi wata Asabar,
aka sake da siminti.

Ni na gaji tsintsiya da bokitin farar ƙasa.
Shekara arba'in da ɗaya ina jan layi,
takalma na gogewa kafin rana ta faɗi.

Sau biyu kogin Ohio ya shigo babu tikiti,
ya bar mana kifi a bencin 'yan wasa.

Samari kan zo da gora ɗaya, jaka ɗaya,
kowa kunnensa na kan wayar babban birni.
Uku aka kira.
Eusebio bahago, kafaɗa ta ci amanarsa,
yana gyaran firji a bayan coci,
ko a talabijin ba ya kallon besbol.

Jiya aka kwance fitilu.
Wai kanti za a gina.
Na auna da ƙafa: kan tudun mai jifa
za a jera kekunan sayayya.

Saura rabin buhun farar ƙasa.
Na rasa wanda zan bar wa.