Lissafin Hanyar Dutse

Bayan la'asar, injin casa ya yi shiru,
Injiniya Rawat ya ture kofin shayinsa,
ya baje taswira a kan motar da nake ja masa shekara tara,
ya ce, "Mati, zo ka duba mini hanya."

Na duba sama, na duba ƙasa,
babu Mashi, babu Kaita, babu Jibiya.
Ya ce, "Ba za ka gan su ba, nan Indiya."

Ya ɗora yatsa can ƙuryar takarda
inda layi ya nannaɗe kamar hanjin akuya.
"Tsohuwata ta kai saba'in da takwas,
gwiwa ta ƙi, ido ya rage,
amma ta yi alwashi tun ina goye
sai ta kai goshinta ɗakin bautarsu
a ƙwanƙolin Himalaya."

Ni da aka haifa a Ƙofar Sauri,
ƙasa shimfiɗe kamar faifai,
tudun da na sani Hawan Kibo ne,
shi ma sau huɗu, da buhunan gujiya.

Duk da haka na ce ɗauko biro.
Kada ka fara da tambayar kuɗin mota,
fara da birki, sannan taya.
Nemi direba mai furfura da 'ya'ya a gida,
wanda ya ce maka "ƙila mu kai", ɗauke shi,
wanda ya bugi ƙirji, sallame shi tun a waya.

Hawa ba ya cin mutum, Injiniya,
gangara ce mai haɗiya.
Ka ce ya sauko da giya ta biyu
ko da na baya sun cika shi da oda,
gaggawa ba ta taɓa biyan diyya.

Zaunar da ita ɓangaren dutse,
kada tagarta ta kalli rami.
Lemon tsami a jaka saboda amai,
bargo biyu, ruwan zafi a fulas,
ku tashi da asuba, ku sauka da rana tsaka,
dare a kan tudu ba abokin tafiya.

Ya ƙirga kwana shida. Na ce rubuta bakwai.
Ya ce na me? Na ce na Allah,
ranar da ruwa zai zubo da ƙasa ya toshe kwalta,
ku zauna a mota kuna kallon bayan wata mota
har tsohuwa ta ba ka labarin da ba ta taɓa ba ka ba
tun kana yaro mai ƙiriniya.

"Daga nan kwalta ta ƙare," in ji shi,
"sai alfadari, ko kwando a gadon bayan ƙato."
Nan na yi shiru, ilimina ya tsaya.

Sai na tuna kakana Barau
da ya hau akori-kura zuwa Makka ta Sudan,
ya dawo bayan shekara biyar
da buta ɗaya, da tari, da haƙora uku,
yana murmushi kamar ya sayi duniya.

Alƙiblarsa daban, tawa daban,
bai ja ni ba, ban ja shi ba.
Amma ɗan da ke lissafin kujerar uwarsa
na gane shi ko da wane yare ya yi addu'ar lafiya.

Ladan ya kira magariba daga masallacin bakin titi.
Ya naɗe taswira, na ɗauki buta.

Da dare na jawo gwangwanin da ke ƙarƙashin gado,
na ƙirga abin da na tara wa Inna na kujerar Makka.
Ko rabi bai kai ba.
Na mayar da murfi a hankali don kada ta ji,
tana ɗakinta tana jan carbi,
ta riga ta ɗinka jakar tafiya.