Matakala Ɗari da Sha Tara

Shekara sittin mahaifiyata Herminia
tana hawan matakala ɗari da sha tara
daga kasuwar kifin Valparaíso zuwa ƙofarmu,
kwando a hannu, iskar teku na dukan bayanta.
Ko tuntuɓe ba ta taɓa yi ba.

A kicin ta faɗi.
Gishiri ta miƙa hannu za ta ɗauko.

Likita Arancibia ya ɗaga hoton ƙashin gaban fitila.
Duba nan, in ji shi, wuyan ƙashin cinya.
Na duba, sai na ga soso,
na ga ginshiƙin da gara ta cinye ta ciki
ta bar fenti yana ƙyalli.
Ya ce, wani lokaci ba faɗuwa ke karya su ba,
ƙashin ne ke fara gajiya, sannan ƙasa ta karɓe su.
Ashe ta daɗe tana zagwanyewa
muna zaune da ita muna shan shayi.

Gobe da asuba, in ji shi.
Ga tsoho, kwanciya ta fi wuƙa kaifi.

A bakin ɗakin tiyata ta zare zoben aurenta,
ta cire haƙoran roba ta danƙa mini,
bakinta ya koma na jinjiri.
"Kar ki bar kyanwar nan ta hau tebur."

Awa biyu da kwata.
Na ƙirga jiragen ruwa ta taga,
lissafin ya kuɓuce, na sake.
Sun cire kan ƙashin da ya ɓalle,
sun zuba siminti, sun dasa ƙarfe,
tun da ƙusa ba ta kama ruɓaɓɓen katako.

Washegari, ɗinki bai ko bushe ba,
wata yarinya Maite ta kawo ƙarfen dogarawa.
Tashi, Kaka.
Ta zage ta tas. Ta zagi likita, ta haɗa da ni.
Sannan ta sauke ƙafa.
Taku uku zuwa taga, gumi na tsiyaya a wuyanta.

Ta daɗe tana kallon tudun,
tana laluben rufin kwanonmu cikin dubu.
Leɓɓanta na motsi, na zaci addu'a ce.
Da na matso sai na ji ƙirge.
Ta kai arba'in da ɗaya,
daidai shagon mai burodi,
inda ta saba ajiye kwando ta ja numfashi.