Inda Ɓarawon Yake

Kwana tara Bidi yana ɗingishi.
Amalanke na jingine bayan gida a Bagalam,
yashin Gulbi na jiran mai kwasa.
Na tambaye shi, kunne kawai ya kaɗa.

Likita Tsahara ta durƙusa, ta lalubi jijiya
da babban yatsa, ɗan sama da kofato,
ta aske, ta goge, ta soka siririyar allura.
Ta ce, “Nomau, doki ba ya nuna wurin ciwo.
Sai mu kwantar da ƙafar gaɓa-gaɓa;
inda ɗingishi ya tsaya, nan ɓarawon yake.”

Minti goma a inuwar bedi.
Ta tsokane shi da bakin biro, bai motsa ba.
Na ja shi sassarfa, yana nan yana gyaɗa kai.
Allura ta biyu, wajen idon sawu,
sai ga Bidi yana taku kamar ɗan shekara uku!

Hannuna har ya kai ga ragama.
Ta ce, “Ciwon barci ya yi, bai mutu ba.
Kafin la'asar zai farka.”

Na saki igiya.
Na san irin wannan barci:
tun rasuwar Inna nake tafiya daidai.